Ɗan Bensikin da Ba Ya Gudu Ran Juma'a

Kwana sha biyu da rasuwar aminiyata Lauratu, na tare babur ɗin haya, wanda muke kira bensikin, a unguwar New Bell. Direban dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Rigarsa a goge take, wataƙila ya taɓa zaman ofis.

Lallaɓawa yake, har masu tura amalanke suna wuce mu.

Na ce, "Malam, mai ne ya ƙare?"

Ya ce, "Hajiya, tafiyar Juma'a kyauta ce, ladan na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Ita kuwa ba ta son gudu. Ba zan aika mata abin da zai tayar mata da hankali ba."

Dariya ta kufce mini, ta farko tun ranar jana'iza. Na tambaye shi a hankali, "Kana ganin ladan yana isa ga mamata?"

Ya kauce wa rami, ya ce, "Ni ɗan Adam ma ina kai saƙo har unguwar Bonaberi, can tsallaken kogi, balle Allah."

Ina sauka na sayi ƙosan sadaka, na ce a cika yaji yadda Lauratu take so.