Tsibiran da ke Jikin Zanin Mama

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, masaƙar da Baba ke aiki a Kakuri ta sallame shi. Ya daina magana, sai zaman ƙofar ɗaki. Na ci alwashin sai na sa shi dariya.

Na shimfiɗa masa zanin Mama mai zanen aku da kunkuru.

"Baba, ga taswirarmu. Kwalekwale za mu hau daga gada, mu bi tsibiri-tsibiri. A nan kunkuru ya fi bas girma. A nan aku ke wa'azi ran Lahadi."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya taɓa fiffiken akun, ya ce, "Koren ya zarce layi. Injina ne ya buga zanin nan."

Maganarsa ta farko ke nan tun damina. Na jira in ji daɗi, ban ji komai ba.