Man Sadaka da Hayaƙin Motar Garinmu

Har yau idan tsohuwar mota ta wuce ni tana turnuƙe hanya da hayaƙi sai raina ya ɓaci. Ba da motar nake fushi ba, da mutanen garinmu nake.

Garin namu ƙauye ne tsakanin Minjibir da Zakirai, gida a jikin gona, gona a jikin gida. Wata shekara da gyaɗa ta yi kyau aka yi karo-karo aka sayo tsohuwar mota mai dogon baya, don kai marasa lafiya asibiti, musamman mata masu naƙuda da a da sai dai a ɗora su a bayan babur. Aka damƙa makullin a hannun yayana, da yake ya taɓa tuƙin haya a birni kafin ya dawo noma. Ba albashi, ba komai. Yana tsakiyar huɗa za a kira shi, ya yar da garma ya tafi. Fetur kuwa wani Alhaji mai injin niƙa ya ɗauki nauyinsa. Duk Juma'a yakan aiko da jarka daga duron da ke shagonsa, sadaka, liman ya sa masa albarka a gaban jama'a.

Can cikin damina motar ta fara hayaƙi, fari-fari mai ratsin shuɗi, ga gardamar tashi da safe, ga tari a kan hanya. Kafin mako ya zagayo kowa a garin ya zama bakanike. Wanda ko keke bai iya gyarawa ba sai ka ji yana cewa inji ya ƙone. Daga nan magana ta koma kan direba: wai gudu yake yi da ita, wai a ɓoye yana kwasar 'yan kasuwa zuwa Zakirai yana zuba kuɗin a aljihu. Mutumin da ko buhun takinsa ba ya yarda a saka masa a motar nan! Wallahi ranar da na fara jin zancen ban iya cin tuwo ba.

Ni na matsa masa muka kai ta gareji a Minjibir. Bakaniken ya sa yaya ya tayar, ya tsuguna a bakin salansa, bututun hayaƙi, yana kallo yana shinshina.

Ya ce, "Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Shuɗi baƙin mai ne inji yake sha. Fari mai kauri kuwa ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Naku ya ƙi tsayawa a waje guda. Malam direba, ruwan lagireto yana raguwa?"

Yaya ya ce ko kaɗan.

Bakaniken ya zaro ƙarfen awon mai, ya ga baƙin mai yana nan daidai, bai ragu ba, bai kuma yi launin koko ba kamar yadda yake yi in ruwa ya shige shi. Ya kwance filogi ya same su jiƙe, baƙi ƙirin, suna maiƙo. Sai ya cire tiyon da ke kawo fetur, ya ɗiga a tafin hannunsa, ya miƙo mana muna kallo. Fetur na gaskiya nan take yake bushewa. Wannan ya zauna yana ƙyalli kamar man gyaɗa.

Ya ce, "Injinku lafiyarsa lau. An haɗa muku fetur da gas ne, irin na injin niƙa. A ina kuke shan mai?"

Na buɗe baki, yaya ya taka mini ƙafa. Sai da muka kama hanyar gida ya ce ba ya zaton da gangan ne, duro ɗaya masu aikin shagon suke zuba wannan su zuba wancan. Na ce to alhamdulillahi, sai a je a gaya wa jama'a.

Ya ce, "Kul! In aka kunyata Alhaji ya janye hannunsa, wa zai riƙa zuba mai? Kai?"

"Yaya, ɓarawo fa ake ce maka."

"Na ji. Ka bar ni da su."

Ban bar shi da su ba. Da aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar don maganar motar, na yi ta haɗiye abin har wani dattijo ya ce amana ta yi ƙaranci a zamanin nan, yana faɗa yana kallon yaya. Sai na miƙe na faɗi abin da na gani a tafin hannun bakanike. Ban zagi kowa ba, ban ma ce Alhaji ya sani ba. Cewa kawai na yi a duba duron.

Kai, sai ka ce ashar na lailayo! Aka yi mini ca. Wannan ya ce sadaka nake aibatawa, wancan ya ce mutum ya ba ku don Allah ku saka masa da sharri. Alhaji ba ya wurin, amma masu kare shi sun fi shi zafi. Mai unguwa ya juya ya tambayi yaya ko gaskiya ƙaninsa yake faɗa. Ina kallonsa, ina jira. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai ci amanar kowa ba, sauran kuma Allah ne masani. Shi ke nan abin da ya ce. A nan aka karɓi makullin, wai don a huta da surutu, aka ba wani.

Maganata ta kai kunnen Alhaji, a ƙauye ai ba abin da yake ɓuya. Ni da idona na ga an sauke sabon duro a shagonsa a makon. Alhaji bai kira kowa ba, bai ce wa yaya uffan ba, aka ci gaba da aiko da jarka ranar Juma'a ana sa albarka. Sabon direba ya wanke filogi, ya zuba mai mai kyau, hayaƙi ya ɗauke ɗif.

Jama'a suka ce, "To ga shi nan! Ana canza direba mota ta warke."

Na iske yaya a gona yana cirar ciyawa a cikin gero, na gaya masa abin da ake faɗa. Bai ɗago ba. Ya ce jiya an kai matar maƙwabcinmu asibiti ta sauka lafiya, me kuma nake so? Na ce sunansa nake so a wanke. Ya ce in kama wancan layin, rana tana yi.

Shekaru sun tafi, an sayar da motar tuntuni. Bara da ake neman wanda zai riƙe makullin ɗakin ajiyar takin gari, wani ya ambaci yaya. Sai wani dabam ya ce, "A'a, ku tuna da mota."