Farar Ƙwayar Inna Zaituna

Duk wanda ya yi aiki a Kebbe bai ci tuwon Inna Zaituna ba, to zaman banza ya yi. Rumfarta tana bakin tasha, ta gaje ta daga uwarta har da tukwane da muciya. Ni malamin firamare ne, baƙo, kuma gwauro a lokacin, don haka kusan ita ta riƙe ni. Gajeruwa ce mai baki kamar reza. Idan ka ce miya ta yi kaɗan sai ta ce, "Malam, tuwo kaz zo ci ko wanka?" Ba ta fara zubi sai ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa a gaban kowa, ta gyaɗa kai.

Ana nan sai wani ciwo ya kama ta a kuncin dama. Ta ce kamar a soka mata tsinken tsire mai zafi, ya yi ɗan lokaci ya sake ta. Tauna na tayar da shi, ruwan alwala ma haka. Ta ɗauka haƙori ne, mai cirewa a kasuwar Tambuwal ya yi ta zare mata turame, ciwo na nan daram.

Ɗanta Mansur, akawu a Tambuwal, shi ya kai ta asibiti Sakkwato. Likita ya ce jijiyar fuska ce, ciwon zama ne, amma ana lallashinsa. Magungunan ciwon jiki na kanti ba sa taɓa shi. Ya lissafa mata zaɓi: akwai farar ƙwaya, kabamazafin, wadda ta fi dacewa da irin nata, akwai mai sa barci da bushewar baki, akwai kafso mai tsada da wuyar samu, don samari sun mayar da shi kayan maye. Aka ɗora ta a kan farar. Ta ɗan yi jiri da farko, daga nan ciwo ya kwanta, baki ya dawo, mu ma muka koma shan gori.

Da ƙwayar ta kusa ƙarewa sai ta je kemis ɗin Namadi da ke gefen tasha. Namadi mutum ne mai son a san ya sani, ga 'yan kabu-kabu cike da bencinsa. Ya juya kwalin ya ce, "Inna, wanga ai maganin farfaɗiya na. Yaushe tak kama ki?"

Bai yi ƙarya ba, ana ba masu farfaɗiya ita. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mutanenmu sun yarda da cewa miyan bakin mai farfaɗiya yana sa wa wani cutar, ga shi kuwa kowa ya san yadda Inna take ɗanɗana miya. Kafin kasuwa ta zagayo bencin rumfarta ya yi fayau. Na yi ta musu da mutane har muryata ta dishe, na ce ko da ita ce ba a ɗauka, balle ba ita ba ce. Waɗanda suka ci bashinta shekara da shekaru su suka fi kowa kawar da kai. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Ta gwada mai sa barcin, ta riƙa makara, kuma bai riƙe ciwon ba. Mansur ya roƙe ta ta koma kan farar, ta sha a ɓoye. Ta ce, "Rumfar uwata ta. Ba ni bari ta mutu hannuna, kuma ba ni cin amanar masu ci." Wata safiya ta kira mutanen tasha, ta watsa sauran ƙwayar a murhu suna kallo.

Suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, ciwon ma ya dawo. Ta daina tsokana, don magana ma tayar da shi take yi.

Ranar wata kasuwa rumfa ta cika kamar da. Ina zaune ta ɗiga miya a hannu ta kai baki. Nan take ya soke ta. Ludayi ya faɗi, ta sandare, fuska ta murɗe, miyau na zuba don ta kasa rufe baki. Wani ya ce, "Ga ta nan ta taso." Mutane suka miƙe suka bar kwanoninsu. Abin da ta ƙone magani don kada a faɗa, rashin maganin ya nuna wa kowa. Ba ta sake hura wuta a rumfar ba.

Yanzu tana gidan Mansur a Tambuwal, ta koma kan farar ƙwayar, ciwon ya yi sauƙi sosai. Wani mai facin taya ne a rumfar. Da na je gaishe ta bara na same ta ta yi ƙiba, amma ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin ya ba ni tausayi. Ta shiga ta tuƙa mini tuwon dawa da miyar kuka, ta ajiye a gabana. Miyar ba gishiri. Na ɗago kai zan yi mata gori irin na da, sai ta riga ni.

"Ci abinka, Malam," in ji ta. "Ban sa bakina ba."