Baba Isuhu, Wanda Ya Tashe Ni Daga Wajen Takalma

Ranar Talata da hantsi, ina cikin ɗura zuma a kwalabe a shagona na Kawo, Hajiya Rabi ta kira ni ta ce maigidanta, Baba Isuhu, ya cika. Da muka dawo daga maƙabarta na buɗe littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, ina bin wuraren da sunansa ya fito. Kusan ko'ina na tarar na rubuta "mun sha dariya" a gefe.

Baba Isuhu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, aminin mahaifina. Da ya yi ritaya sai ya buɗe shafi a intanet yana rubutu kan noma da abinci, kuma ana karanta shi sosai. Ni ma na buɗe nawa saboda zumar da nake sarowa a wajen Rigachikun, amma in aka rubuta "zuma a Kaduna" a injin bincike, sai a gaji da nema ba a gan ni ba. Ciniki ya ja baya, har na rubuta cewa in damina ta wuce a haka zan rufe shagon.

Na ji an ce injin yana ɗaga shafin da wasu shafuka suka sa mahaɗinsa, wato shuɗin rubutun nan da ake dannawa. Na roƙi abokai masu shafuka suka sa mini. Sai dai kunya ta sa na ce wa kowannensu, "Can ƙasa za ka sa, kada in tsare maka wuri."

Da na nuna wa Baba Isuhu shafin ɗaya daga cikinsu a waya, ya yi ta jan shafin da yatsa yana nema, yana dariya har hularsa ta karkace.

"Habibu, kai ko a intanet ma wajen takalma kake zama?"

"Baba, ai duk ɗaya ne, tunda an sa."

"Ina! Injin nan yana lura da inda mutum zai danna. Mahaɗin da ke tsakiyar bayani, a kan maganar da ake yi, shi ne shaida mai nauyi. Na ƙasan shafi kuwa, wa yake sauka can?"

Na rubuta maganar na ja mata layi biyu, amma na kasa komawa wurin abokan. Ina ta tunanin ko zumar tawa ma ta kai a sa ta a tsakiya.

Shi bai jira ni ba. Ya zo shago ya sha cokali uku, ya ce, "Ba na yabon abin da ban lasa ba." Sannan ya yi rubutu kan yadda ake gane zuma mai kyau, ya sa mahaɗina a sakin layi na biyu. Bayan wasu makonni na fara ganin shafina yana hawa, har wata mai sayar da kayan shayi a Babbar Kasuwa ta kira ni. Damina ta wuce, shago yana buɗe. Da na je godiya, cewa ya yi, "Godiyarka ba ta shiga shayi, kawo kwalba."

Jiya a zaman makoki na kama kaina zan zauna bakin tabarma, kusa da takalma. Na yi murmushi, na matsa ciki.

Allah Ya jiƙan Baba Isuhu, Ya gafarta masa kurakuransa. Allah Ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ya rufa musu asiri. Yadda ya jawo ni tsakiya, Allah Ya zaunar da shi a tsakiyar Aljanna Firdausi. Amin.