Baba Audu Fita, Mai Wanka Biyu

"…ai har an sallace shi, Malama. Tun hantsi aka kai shi."

Ina tsaye a bakin aji da alli a hannu lokacin da Asabe, mai sayar da abinci a makarantarmu, ta faɗi haka. Ta ɗauka na riga na ji. Na ce wa? Ta ce, "Baba Audu Fita mana, wanda motarki ke wajensa." Na yi salati, na koma na ƙarasa jimlar da na fara a allo, domin ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Duk wanda ya girma a Lafia ya san Baba Audu da sana'a biyu. Ya koyi gyaran mota, aikin da ya sa ake ce masa Fita, tun zamanin da manyan motocin Turawa suka fara ratsa ƙasar nan, lokacin da sai an murza ƙarfe a gaban mota kafin ta tashi. Shi ne kuma mai wankan gawar maza a unguwarmu. Mutane na ganin ayyukan ba su haɗu ba. Shi bai taɓa ganin su biyu ba. In zai kwance inji, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya fara daga dama, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir sau uku ko sau biyar, ya jera, ya lulluɓe. Ba a hira a wurin. In mai mota ya matsa masa da tambayar abin da ya kashe injin, amsarsa ɗaya ce: "Abin da mai wanka ya gani, ruwa ya tafi da shi."

Shi ya wanke mahaifina, Akawu Mamman. Kuma shi na kai wa motar da mahaifin nawa ya rasu a cikinta.

Tsohuwar mota ce baƙa, da ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Ni kaɗai ya koya wa tuƙa ta, abin da yayyena maza ba su yafe ba. Wani hutu da na dawo daga jami'a, muka tafi gonarsa a Adogi. Da safe ya ce mini, "Hajara, duba baƙin mai kafin mu fita." Na ce to, ina karatu, ban duba ba. Da azahar ciwon ƙirji ya kama shi a gona. Na sa shi a baya, na nufo asibiti. Ba mu ci rabin hanya ba injin ya buga, ya tsaya cik. A cikin motar, a gindin wata ɗorawa, ya cika, kansa a cinyata, rana tsaka, ba ko mai keke a hanya. Yayyena suka ce boko ta kashe ubanta. Ban yi musu ba, domin ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan, sai dai da Turanci.

Da na gama karatu na fara koyarwa, aka ce a sayar da motar ga maƙera. Na hana. Na ce ina son a tayar da ita don tunawa. Ƙarya nake. So nake a buɗe ta a gaya mini ko ni ce.

Ranar farko Baba Audu ya kwanta a ƙarƙashinta, ya kwance wani noti, baƙin mai ya zubo har ya cika kwano fal. Ya miƙo mini.

"Ungo, 'yar Akawu. Kai bayan gida ki zubar."

"Ni, Baba?"

"Ke. Da hannunki. Ki lura da nauyinsa."

Na ɗauka ina huci, ya ɓata mini sabon zani. Na dawo na tambaye shi kai tsaye ko rashin mai ne ya kashe injin. Ya dube ni ya ce, "Likitar takarda, an ce kin yi shekara huɗu kina karatu. A ina aka tsaya?"

Albashina bai kai na sababbin kaya ba, irin motar ma an daina kawo kayanta. Ya ce kada in damu. "Sabo na masu hali ne. Mu sai mu jira." Sai daga baya na gane abin da ake jira. A garin nan ba mai son ƙarfen motar da ta ci rai. Direbobi na cewa yana kiran jini, don haka kusan kyauta ake bayar da shi. Baba Audu kuwa shi yake bi. In ya ji irin motarmu ta kife a hanyar Makurdi ko ta Akwanga, sai ya hau kekensa ko ya bi motar doya, ya dawo bayan kwana biyu da abu a naɗe cikin ƙyalle. Abin da ba a samu ba ya yi da hannu. Ya yanka gaskit daga kwali mai kauri, ya goge bakin bawul da toka da mai har tafinsa ya yi kanta.

Bai taɓa kiran kayan da sunansu na gareji ba, sai da sunan wanda ya rasu a motar da aka ciro su. Fistan na fari "Alhajin Kwandere" ne, mai fataucin doya. Na uku "Malamin makaranta". Ringin kuma na wata amarya ne da angonta. Kafin ya ɗaura kowanne sai ya yi wa mai shi addu'a, Musulmi ne ko Kirista, ya ce, "Yi haƙuri, za ka ƙara ɗan aiki." Na yi masa dariya a raina, kamar yadda aka koya mini. Amma akwai abin da zan faɗa a kaina tunda ranar faɗin gaskiya ce. Wata rana a ɗakin malamai aka ce mota ta faɗa rafi, mutum huɗu sun tafi. Kowa na salati, ni kuwa na ji bakina ya ce, "Wace iri ce?" Na je na gaya masa, ina jiran faɗa. Ya ce, "Yanzu kin san abin da ya sa nake roƙa musu gafara. Kaina nake roƙa wa."

Shekara uku aikin ya ci. Alhamis ɗin da ta wuce ya aiko in zo. Na tarar ya rufe injin, ya goge, ya lulluɓe da ƙyallen. Ya ce, "An gama. Saura tayarwa, wannan kuma ba ni ba ne." Na ce sai Asabar in na sami sarari. Ya ce to, Asabar ɗinki.

Ranar da Asabe ta ba ni labari, ina tashi daga makaranta na wuce gidan. Matarsa Inna Lami, Bagwandariya, ta jawo ni daga cikin masu zaman makoki zuwa rumfar da motar take. Ta ciro mabuɗi daga aljihun rigarsa da ke rataye, ta buɗe kwaɗo.

"Lokacin da an ɗauki makara," in ji ta, "motar nan ya yi tari. Sau uku. Duk mata sun ji."

Ina da bayani iri-iri a kan abin da kunnen mai baƙin ciki ke ji. Na ɗora hannu a kan bonet, na ji ɗumi. Rufin rumfar na kwano ne, rana ta yini a kansa, wannan ma bayani ne. Sai dai sifanun da ke gefe sanyi ƙalau suke.

Ta miƙo mini wani ƙunshi cikin farin ƙyalle. "Ya ce in ya tafi a ba 'yar Akawu."

Famfon baƙin mai ne, wanda ke zagaya da shi cikin inji. Ya rabe biyu, daidai kan wani tsohon layin walda mai ruwan tagulla.

"Aikin Baba ne," in ji Inna Lami. "Babanki ya kawo, ya tsage. Baba ya ce a sayi wani, wannan ba zai kai ba. Babanki ya ce kuɗin na makarantar yarinya ne, a lallaɓa shi har ki gama. Ya sa Baba ya rantse ba zai gaya miki ba muddin shi Baban yana numfashi."

Na zauna a ƙasa. Sai a lokacin nauyin kwanon nan ya dawo hannuna. Injin da ya mutu da ƙishirwa ba ya cika kwano. Tun ranar farko mutumin nan ya ba ni amsata ba tare da ya karya rantsuwa ba, ya sa na ɗauke ta da hannu biyu, ni kuwa ina kukan zani. Shekara uku yana jira in karanta.

Shi ya rufe, ni ga shi na buɗe. Wannan ne bambancin mai wanka da mai alƙalami, Allah Ya yafe mini.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Audu. Yadda ya suturta bayinKa, Ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa. Ka wanke shi fiye da yadda ya wanke wasu, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifina a inuwar da ba ta gushewa. Ka jiƙan Alhajin Kwandere da malamin makaranta da amarya da angonta. Ka ba Inna Lami da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu faɗa hannu irin nasa.

Na naɗe famfon yadda na ga yana yi, na rungume shi. Inna Lami ta ce, "Ba za ki tayar ba?"

Na ce, "Sai Asabar, Inna. Haka muka yi da shi."

Ta ja ƙofar rumfar, ta danna kwaɗo. Na fito ban waiwaya ba.