'Yan Tsakina Sun Koma Jajaye

Ina dawowa daga Kance na tarar da 'yan tsakina jajaye wur, kamar masu shirin biki. Su ne ragowar da shirwa ta bar mini, don kullum sai ta sure ɗaya.

Na je na yi sallama a gidan wata tsohuwa maƙwabciyata.

"Hajiya, wa ya yi wa tsakina kwalliya?"

"Ni ce, Malam. Ina shafa wa nawa galura don shirwa ta kasa gane su, naka suka shigo cin tsaba. In ƙyale su ta cinye don ba nawa ba ne?"

Tun ranar shirwa sai ta yi shawagi ta wuce. In sun girma, ƙwan farko na Hajiya ne.

Ku fa, wane alheri maƙwabci ya taɓa yi muku ba ku roƙa ba?