Ƙarfen Da Baba Ya Jefar Bayan Maƙera

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na ƙona mana rumbun gero saboda tukunya ɗaya.

Baba maƙerin tukwane ne a ƙauyenmu, arewa da Ɗambatta. Yakan sayi tsofaffin ƙarafan alminiyam wurin 'yan gwangwan, ya narka, ya zuba a yashi su fito tukwane. Yana da wata al'ada da take ba ni haushi: duk ƙarfen da bai yarda da shi ba sai ya kankare shi da wuƙa, ya ɗiga masa lemon tsami. In ya yi kumfa, ya wurga shi bayan maƙera. Ni kuwa na gama sakandare, na cika kaina da littattafan soyayya na kasuwa, ina kallon abin a matsayin camfin tsofaffi.

Akwai yarinyar da nake so a ƙauyen gabanmu. Samarin cikin littafi makullin mota suke miƙawa, ni ko keke ba ni da shi. Sai na ƙudura zan zuba mata tukunya mai fure a murfi. A cikin tarkacen da Baba ya jefar na tsinci murfin wani injin yanka katako, fari tas, ba nauyi kamar faifai. Na ce wannan ƙarfe sai gimbiya. Ji wauta.

Ranar kasuwar Ɗambatta, Baba ya tafi da kaya, na labta gawayi bayan azahar, na ɗora ƙarfen, na yi ta zuga ina tsara kalaman da zan faɗa mata. Maimakon ya narke lafiya, sai ya kama da wuta, wata fara fat da ido ba ya iya kallo. Jarumin littafi ba ya gudu, don haka na sungumi bokiti. Inna ta leƙo daga zaure.

"Kai, ajiye ruwan nan!"

Na riga na watsa. Abin ya yi ƙara kamar bindiga, tartsatsi ya tashi ya sauka a jinkar rumbunmu, inda abincin shekararmu yake. Jarumi kuwa yana zaune daɓas a ƙasa, ba gira, yana kiran Inna.

Maƙwabta suka baro gonaki da gudu. Wani dattijo da ya taɓa aiki da Baba ya ce ruwa a rumbu, busasshiyar ƙasa a maƙera, kada wanda ya haɗa. Da haka aka kashe wutar. Rabin dammunan sun zama toka, sauran sun jiƙe sun sha hayaƙi.

Baba ya dawo gab da magariba. Ya zagaya rumbun sau biyu, bai taɓa ni ba. Da ma dukana ya yi.

"Ka ɗiga masa lemo?"

Na ce a'a.

"Ga bishiyar lemon nan a bayanka."

Daga baya tsohon malaminmu na kimiyya ya ce sunan ƙarfen magnesiyam. In zafi ya kai masa iyaka shi kansa yake ci da wuta, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Ya tuna mini cewa ya koyar da mu wannan a aji. Ina jin ranar littafin soyayya ne a ƙarƙashin bencina.

Gimbiyar ta aiko ƙawarta ta gaya mini cewa wanda ya ƙona abincin ubansa ba za ta ba shi ajiyar ɗakinta ba. Mu kuma muka ci tuwo mai warin ƙauri har kaka, ƙannena mata suna kiransa tuwon gimbiya a duk loma.

Yanzu ni ke riƙe da maƙerar. Abin da na koya shi ne, in ka ga mai sana'a ya jefar da abu mai kyau, tambaye shi dalili kafin ka raina masa wayo. Har yau ba na ɗora ƙarfe a wuta sai da lemon tsami a aljihuna.